Mai Haƙa da Mai Ban Ruwa

Jarrabawa gobe, an ɗauke wuta a Kashere.
Ina karatu da hasken waya, cajinta sha ɗaya.
Shafi biyu a gabana,
kowanne na bugun ƙirji shi ya san mutum.

Na farko mahaƙin rijiya ne.
Ya ce abin da ka gani a baki ba shi ne ruwan ba,
sauka ƙasa, gaba goma, inda duhu ke ajiya.
Wai kowa gida ne mai 'yan haya uku:
jariri mai ihu, yanzu-yanzu yake so,
dattijo da dorina, kalmarsa ɗaya, kunya,
sai ɗan sulhu a tsakani, gumi har ƙeya.
Mafarki wasiƙa ce, in ji shi,
suɓutar baki kuwa shaida ce da ta tsere daga kurkuku.
Shekarun yaye sun gama rubutun,
sauran rayuwa bita ce.

Na biyu ya yi kama da masu lambun Dadin Kowa.
Bai damu da zurfi ba, tsiro yake kallo.
Ya ce iri ya san hanyar sama tun yana cikin buhu.
Cika masa ciki, ba shi rufi,
kada ka ce sai ka yi kaza zan so ka,
ka ga yadda zai miƙe.

Na ajiye biro. Yaya Bappayo ya faɗo mini.

Tela ne a Herwagana.
Sau uku yake ja kwaɗon shago kafin ya tafi,
sau uku yake ƙirga canji, har mai kaya ya ƙosa.
Yana ɗan shekara shida kuɗin niƙa ya faɗi a hannunsa,
Baba ya tsayar da shi gaban masu shayi
ya ce, hannunka rariya ne.
Mahaƙi zai yi tsalle: ga ta nan, na taɓo ruwa!
Kuma ba ƙarya ya yi ba.

To amma Oga Lamela fa,
mutumin Kaltungo da ya koya masa keke,
wanda wata uku da zuwansa ya miƙa masa makulli
bai ƙirga yadi ko ɗaya ba?
Ranar da ya ɓata shaddar wani alhaji
Oga ya ce, zauna, ci wake tukuna.
Yau yara huɗu ke koyo a ƙarƙashinsa,
allura ta ɓata, almakashi ya ɓata,
ban taɓa jin ya kira hannun kowa da wani suna ba.
Wannan a wace rijiya aka haƙo shi?

Malam zai ce, kwatanta, maki ashirin.
Na ja layi tsakiyar takarda,
jiya a hagu, gobe a dama,
rauni nan, zaɓi can.
Yaya ya ƙi tsayawa gefe ɗaya,
ƙafa guda a laka, guda a kan kunya.

Caji ya koma huɗu, sai ga kiransa.
Na tura miki dubu biyar, ta shigo?
Ta shigo, Yaya.
Kin duba da kyau?
Na duba.
Shiru. Ina jin numfashinsa,
ina jin ta ukun tana hawowa maƙogwaro.

Sai ya yi dariya.
Ya ce, je ki yi karatunki, Hajjo.