Farashin da Ba Ya Jin Tayi

Da sassafe, kafin Ilu mai shayi ya hura wuta,
nakan buɗe kwamfutar nan ta gwanjo
da na saya da kuɗin tinkiya biyu da ɗan rance,
sai ta tare ni da gaisuwarta ta kullum,
jan rubutu a kusurwar allo:
wai manhajar da ke cikinta ba ta halas ba ce.
Ni kuwa in ce mata: lafiya lau, ya kwanan gajiya?

A kasuwar waya ta Kano aka ɗura min ita,
dubu ɗaya da ɗari biyar, har da gyara.
Da ita na cike wa 'ya'yan Namadi takardar jarrabawa,
da ita nake buga katin suna,
da takardar cinikin gona
wadda dagaci ke dangwala wa yatsa yana hamma.

Wata rana na ce bari in tuba.
Na hau tudun bayan firamare, inda sabis ke kamawa,
na nemi kuɗin ta gaskiya.
Da dala suka rubuta.
Na juya dala ta koma naira,
na juya naira ta koma buhu:
zoɓorodon Baba, buhu shida cur.
Kuma ba saye ba ne, haya ce,
baɗi war haka a sake aunawa.

Na duba inda ake tayi, babu.
A Maigatari ko raƙumi taya shi ake,
a ce albarka, a yi fushin ƙarya, a dawo, a sallama.
Nan ba dillali, ba fuska,
ba mai duban silifas ɗina ya rage wani abu.
Abin da wani ke kashewa a kalaci can ƙetare
shi ne daminar gidanmu.
Katin bankina ma cewa suka yi ba su san shi ba.

Baba na tsince zoɓorodo, yatsunsa jajur, ya ce:
“Nawa in zai haye teku, su ke faɗin kuɗinsa.
Nasu in zai shigo, su ke faɗi.
To mu wane baki aka bar mana?”
Na ce: na godiya, Baba.

An ce akwai wani taro a birni mai sanyi
inda ake yanka wa yanar gizo doka da sunan kowa.
Wataƙila ina gona sanda mai shela ya wuce.

Na kai wa Malam Barau tambaya bayan la'asar.
Ya ce: “Kayan wani na wani ne,
ko da iska ce ya ƙulle a leda.”
Ya yi shiru, ya ja carbi,
sannan ya ce gobe in buga masa jadawalin Islamiyya.

Sai ran nan a Gumel
na hango katina a rataye a shagon Tanimu,
wanda na kwana uku ina zanawa da fitilar waya,
kurciya biyu, da dagi a tsakiya.
An kankare sunana an sa nasa.
Cikina ya ɗau zafi.
Na buɗe baki zan ce ɓarawo,
kalmar ta maƙale min kamar ƙayar tarwaɗa.
Na saya masa ruwan leda, na hau mota.

Ashe can ma akwai wanda bai yi barci ba,
wani mai jan ido, mai ciwon baya,
da ya ɗinka abin nan layi bayan layi.
Ɗan'uwa, ba ƙin biya nake ba.
Ka ce wa iyayen gidanka su aiko da mudu irin namu,
a auna min daidai ƙarfin rumbuna,
in biya, in kwana da alwalata.

Yanzu dai batirin sola ya kusa mutuwa.
Kubura na zaune a benci tun azahar,
takardar neman aikin asibiti take jira,
gobe ake rufewa.
Jan rubutun ya sake fitowa, yana tambaya:
yanzu, ko sai an jima?

Na dubi Kubura.
Na danna sai an jima.