Cinikin Tarakta a Hawes

Eka tara gare ni a bayan Hawes,
duk gangare, katangar dutse ta kewaye,
da tumaki ashirin waɗanda ba ruwansu da uzuri:
in sanyi ya kama, ingirici suke so.

Bara mai yankan haya ya ce Litinin,
ya zo Jumma'a, bayan sama ta tsage.
Ciyawata ta ruɓe a kwance,
na sayi ta wani da kuɗin jirgin zuwa gida.
A ƙasar nan rana baƙuwa ce mai sauri,
kwana uku ta ɗaure kayanta.
Wanda ya jira injin wani, ya jira ruwa.

Dila ya nuna min sabuwa dal,
ɗakin gilashi, kujera kamar ta likitan haƙori.
Kuɗinta ya gina gida biyu a Funtuwa,
kuma in ta yi tari
sai an kira mai kwamfuta daga York.
Na yi godiya, na fito.

Tasalla ta turo min hoton wata ta waya,
na ce 'yar nan, ba a cinikin biri a sama.

Sai rumfar Wilf Dinsdale.
Gwiwoyinsa sun ƙi, gonar ta koma hannun wani.
Ya yaye tamfol, ga ta nan,
ta girmi aurena da shekara goma,
jan fentinta ya koɗe kamar lallen bara,
tayoyin baya da kaushi irin na ƙafar manomi.

Na fara ɗora tafi a kan injin.
Da sanyi. Bai ɗumama ta don ya rufe min ido ba.
Na zaro sandar baƙin mai, na murza a yatsa,
na leƙa lagireto, na durƙusa neman ɗigo.
Akwai, amma kaɗan.
Ni ma ai ina da nawa.

Ya murɗa makulli.
Ta yi gyaran murya sau biyu, ta kama,
hayaƙi ya fito baƙi, ya washe.
Sandar baya mai juya injin yanka ta juya,
kilaci bai yi gardama ba,
birkin hagu ne ke jin barci.
Sifana huɗu sun isa a kwance ta kaf, in ji shi.

Fam dubu huɗu. Na ce uku.
Muka tsaya a tsakiya, bai miƙo hannu ba.
Ya nuna ƙarƙashin rufinta:
tsattsewa ta yi sheƙa, baki huɗu a buɗe.
Daga wajenku suke zuwa, ya ce,
bar ta nan mako biyu, sai sun tashi.

Na dubi sama, na ƙirga kwanakin Yuli,
ciyawa na can tana kai min ƙugu.
Na ce to.
Kafin nan zan gyara birkin a nan rumfar,
a hankali, ba bugun guduma.