Ba A Ga Aji Ba

Ƙarfe biyun dare a Zengo,
wuta ta tafi, batir saura kashi tara,
allon na maimaita mini magana ɗaya:
ba a ga aji ba.

Ina ya je? Jiya na rubuta shi,
ga shi ma ina kallonsa.

Injin da ke tura takardun kuɗin majema
daga tebur ɗin Tanimun zuwa sa hannun Cima
ya kira sunansa, shiru.
Kowane kundi gida ne a Birni,
katangarsa daban, zaurensa daban,
mai gadi ba ya shigo da baƙon da ba a rubuta ba.

Na kwafa ajin a gida biyu. Ganganci.
Suna ɗaya, fuska ɗaya,
suka ƙi gaisawa, kowa na ce wa ɗan'uwansa jabu.

Na goge ɗaya,
na ƙara layi guda a takardar ƙofa:
gidan nan na aro daga wancan.

Shayi ya huce tun ɗazu.
Takarda ta isa wurin Cima.
Ladan na gyaran murya,
ni ban yarda ba tukuna,
na sake tayar da injin.