Shida Ba Ta Cin Bashi

Bayan la'asar, ƙofar shagon Kawu Nomau a Mokoyo,
tayoyin kabu-kabu jingine da bango,
ruwan gwajin faci ya yi baƙi a daro,
an ɗora allon lido kan tsohon batir.
Ƴaƴansa jajaye huɗu suna ɗaka,
ko ɗaya bai leƙo waje ba.

Sau tara ya karkaɗa gwangwani,
sau tara shida ta ƙi fitowa.
"Yanzu kam ta kusa," in ji shi,
"bashina ta ci, dole ta biya."

Ni ko na taso daga lakwal,
allin Malama Tsahara bai bar yatsuna ba.
Na ce, Kawu, fuska shida gare shi,
kowace jifa ɗaya ce cikin shida.
Ta farko da ta goma, uwa ɗaya uba ɗaya.
Ba shi da littafin bashi irin na mai waina,
bai san ɗazu ka jefa shi ba,
bai san sunanka ba.

Na tsinci wayar keke na zana ƙasa,
shida a tsaye, shida a kwance,
gurabu talatin da shida kamar na dara.
Ga shida biyu a jere, na ce,
wannan gurbi ɗaya tak, can a kusurwa.
In uku kake so, ƙara ninkawa:
ɗari biyu da sha shida,
ƙofa ɗaya ce taka a cikinsu.

Ilu mai shayi ya bushe da dariya,
har kumfa ta zube a gawayi.

Kawu ya dubi gabas, wajen Jiratawa.
"Jiya an yi ruwa, yau ga hadari.
Shi ma mantuwa gare shi?"
A'a, na ce, sama tana riƙe da jiya,
laima na kiran laima.
Ɗan lido ne kaɗai kullum jariri.

Ya tofa bisimilla a gwangwani,
ya jefa.
Biyu.
Aka zagayo kansa, ya jefa.
Shida.

"Kin gani?" Ya fiddo ɗansa yana taƙama.
Na buɗe baki, na rufe.
Ɗigon farko ya faɗo cikin zanena,
ba a kusurwa ba,
a gurbin huɗu da uku.