Ɓargona a Ƙashinka

Nazifi, tashi ka sha kunu.
Sau biyu na tafasa ruwan,
na ɗauraye ƙoƙon da na zafi,
ko ƙuda bai sauka a bakinsa ba.

Tun ran da muka sauka a tashar Kiyawa
wandonka ke zamewa daga ƙugu.
Inna ta ƙara wa mazagi ƙulli,
ta juya fuska ga bango.

Likita ya ce sabon jinin nan jinjiri ne,
bai san maƙiyi ba tukuna.
Garkuwar jiki loma-loma ake gina ta
kamar tubali a katanga:
ƙwai, wake, kifi, nama in an samu.
In an samu!
Shanun huɗa sun bi kuɗin asibiti,
gonar fadama ta bi su,
keken ɗinkina ya raka su.

Ka ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake yi,
ka ce makogwaro ya ƙi.
Kana mafarkin nonon rugar Jauro,
an ce sai an dafa.
Kana jin ƙamshin balangu daga bakin titi,
an ce a'a.
Goggo Tabawa ta zo sannu da tarinta,
na tare ta a zaure.
Har yau ba ta amsa gaisuwata.

Kaza ɗaya ta rage mana, wake-waken nan,
kullum ina roƙon ta kamar mai bin bashi.
Ran Litinin na kai gyaɗa Shuwarin
na dawo da busasshen kifi ƙulli biyu,
na daka, na ɓoye a miyar kuka
don kada hancinka ya gane.

Ka tuna allurar da suka kafa mini a kwankwaso?
Kwana uku ina tafiya kamar tsohuwa.
Ba gori nake maka ba, ƙanena.
Shekara goma sha shida sikila na sassaƙar ka da dare,
ni ke riƙe fitila.
Yanzu ɓargona ne kwance a ƙashinka,
irina ne aka shuka,
kuma ban taɓa barin shukata ga fari ba.

Jibi sikelin asibitin Dutse zai yi magana,
shi ba ya jin kunyar kowa.

Buɗe baki.
Jiya ludayi huɗu ka sha,
na zana da gawayi a bayan ƙyaure.
Wannan na biyar ne.
Haɗiye a hankali, ina nan.