Har Zuwa Wata Sanarwa

Da shekara sittin da huɗu na koma benci,
ajin yamma a Makera, bayan La'asar.
Gwiwata ta ƙi shiga teburin yara,
alli guntu, allo ya dushe,
Malama Rifkatu tana ta sharewa.

Ta ce, "Yau nahawun Turanci, yankin jimla:
kalmomi ne da suka riƙe hannun juna
amma ba su isa su gama zance ba."
Na ce a raina, ashe ƙyalle ne,
an saƙa, an rina,
bai dai kai rigar sawa ba, sai ajiyewa.

Ni da na yi ashirin da biyu gaban injin saƙa a Kakuri,
wa zai koya min ƙyalle? Na gyara zama, ina dubawa.

Yankin suna ta fara kawowa.
Bature, in ji ta, 'yan rakiya yake turowa gaba:
tsoho, dogo, baƙi, duk su wuce,
sannan mai gidan ya fito daga ƙurya yana miƙewa.

Barau mai Keke Napep ya ce yankin aikatau nasa ne:
ƙananan mataimaka biyu, wani sa'i uku,
sun dafa bayan babban aiki
kamar mota ta mace a hawan gadar Kawo
ana ta turawa.

Na sifa bai ba ni wuya ba, ai rini ne,
ja ƙwarai, shuɗi mai duhu.
Na bayanau shi ne ɗan gulmar ajin,
yaushe, a ina, ta yaya,
ba a tambaye shi ba yake faɗawa.

Akwai wani da ya sa na yi shiru.
Aikatau ne aka ɗaura wa wutsiyar haruffa uku,
ya bar aiki, ya zauna a kujerar suna.
Ta rubuta misali: jira a bakin ƙofa.
Aiki ne da ya yi ritaya bai shirya ba.
Na san shi. Da shi nake kwana, da shi nake tasowa.

Sai na ƙarshe, mai ɗan harafi a goshi
yana jan suna kamar allura da zare.
"Wa zai ba mu misali?"
Na laluba aljihun ciki,
na ciro takardar da na ɓamɓaro a ƙofar masaƙa
ran da muka zo aikin safe muka tarar da kwado.
Ruwan sama ya cinye samanta,
kalma uku kaɗai suka tsira,
ninki ya kusa rabawa.

Ta ɗaga ta wajen taga, ta karanta, ta fassara:
"Har zuwa wata sanarwa."
Ta ce, "Baba Mantau, shi ne daidai.
Ba mai aikatawa, ba aikatau."
Ta yi shiru. Barau ya daina dariya.

To, shi ya sa.
Ba a ce wane ya rufe ba, ba a ce wane zai buɗe ba.
Ilu ya rasu yana jiran sauran zancen,
Yohana ya koma Kagoro da noma,
ciyawa ta fi ni tsawo a ɗakin rini.
Ashe guntun magana aka ba mu,
muka rataye shi a wuya muna ɗauka jimla ce,
shekara da shekaru muna lallaɓawa.

Aikin gida: kowa ya cika yankinsa ya zama jimla.

Na tsallaka layin dogo, na sayi biro a shagon Ladi.
An ɗauke wuta. Jikata Hajjo ta riƙe min tocila
har barci ya karkatar da hasken.
Na kwafi kalmomin uku a ƙarshen layi,
na sa sunana a farko, da babban baƙi.
Tsakiya fili ne, faɗin yatsa huɗu.
Asuba ta yi, ladan ya kira,
aikatau nake ta nemowa.