Minti Uku Bisa Gulbi

An ɗauke wuta tun azahar,
sai na tura ƙarfen liƙi cikin garwashin Tabawa mai waina,
ina jiran bakinsa ya yi zafi.
Shekara ashirin da ɗoriya ina gyaran rediyo a unguwar Zariya,
yau abin da ke kwance bisa teburina ba ya magana.
Jirgi ne, kamu biyu tsawonsa, fari fat,
da soson da ya rako firjin maƙwabci muka sassaƙa shi.

Ba shi da farfela a hanci.
Fankarsa tana ɓoye a ciki, cikin bututu kamar maƙogwaro,
ta haɗiyi iska ta gaba, ta tofar ta baya.
Maƙogwaro kuwa, ci yake so.

Barira, ɗiyar ƙanena, ita ke riƙe da ma'auni.
Mun farke matattun batiran kwamfuta guda shida
kamar masu ɓarar gyaɗa, ana neman ƙwaya mai lafiya.
"Baba, wannan huɗu da ɗigo ɗaya." Ajiye shi dama.
"Wannan ko biyu bai kai ba." Jefa shi kwano.
Cikin talatin da shida, takwas suka ɗauki alkawari.

Na jera su huɗu huɗu, kan wannan a gindin wancan,
dalma na narkewa, hayaƙinta na cizon ido.
Ja ga ja, baƙi ga baƙi.
Wanda ya manta wannan karatu, wari zai tuna masa.

Ni ma an tuna mini, Talatar da ta wuce.
Rowar waya na yi, na sa siririya irin ta rediyo.
Fanka ta yi kuka sau ɗaya, roba ta narke,
shago ya cika da ƙauri, Barira ta cika da dariya.
Ta ce, "Gulbi kake son zubawa ta bakin buta?"
Washegari na roƙo waya mai kauri wurin Ma'azu mai walda.
Ya ce kada a ba shi ko dala, a biya shi da kallo.

Tsakanin batir da fanka akwai ɗan allo mai raba wuta,
jika goma sha biyu, direban Kano ya kawo mini a aljihu.
Na haɗa wayoyinsa uku, na taɓa rimot,
sai iska ta fito ta hanci, ta watsa rasitaina a ƙasa.
Jirgina baya yake son tafiya!
Na musanya biyu cikin uku, ya dawo hayyacinsa.

Kunnensa kuma na ware masa tasa ƴar wuta,
don ko fanka ta cinye kwano ta suɗe,
ya ji kirana, ya dawo gida.

Saura nauyi.
Na ɗora fukafukai bisa yatsu biyu, wutsiya ta rinjaya.
Matsa batir gaba, faɗin yatsa. Ƙara kaɗan.
Ya tsaya cak kamar tulu a kan ƴar ƙauye.
Muka ɗaure shi da yankin tsohon tub.

Juma'a bayan la'asar muka sauka rairayin gulbi,
masu lambun tumatir suka dafa ƙugu.
Ma'azu ya cilla, na tura yatsa har ƙarshe.
Wani siririn kuka ya tsaga sama ta wajen Tibiri,
balbelu suka sake hanya.
Barira ba ta ɗaga kai ba, agogo take kallo.
"Biyu da rabi, Baba. Sauko."

Ban so ba, amma na sauko.
Ya ja ciki a yashi, ya tsaya kusa da sawun jaki.
Na buɗe, na sa tafin hannu bisa batir:
ɗumi ne kawai,
irin na ƙwan da zabuwa ta tashi a kai yanzu.